Yadda ake kai kyanwar kango sabon gida ba tare da ta kuɓuce a hanya ba

Tun da aka ji na kai wata kyanwa daga Mabera zuwa wani gidan gona a hanyar Bodinga, tambaya ɗaya ake ta yi mini: yaya aka yi ta yarda ka ɗauke ta? Ai ba ta yarda ba. Kyanwar da aka haifa a kango, ta girma a bola, hannun mutum bai taɓa sauka a bayanta ba, ba ta yarda da kowa. Mu nan Sakkwato mussa muke ce mata, ta gida da ta kango duk suna ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Wannan ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yaƙushi, kuma tsoro ne ke sa ta. Duk aikin a kan ƙa'ida guda ya tsaya: daga lokacin da ƙofar keji ta rufe da ita har ta shiga ɗakin da aka tanadar mata, kada ƙofar nan ta buɗe ko da faɗin yatsa ne, sai dai a hannun likita tana cikin barcin allura. Ga yadda nake yi, daki-daki.

1. Ka tabbatar ɗaukar ta ya zama dole

Fara da tambayar maƙwabta ko tana da mai ita. Kyanwar da ke zuwa kusa da kai, tana kuka tana goga jiki a ƙafarka, ta gida ce da ta ɓata ko aka kore ta. Ta kango shiru take, tana laɓewa, ba ta fitowa sai gari ya yi tsit. Idan tana samun abinci inda take kuma babu mai cutar da ita, ka bar ta a nan. Ana ɗauke ta ne idan za a rushe kangon, ko an fara zuba guba, ko yara sun sa ta gaba da jifa.

Sannan ka duba cikinta daga nesa. Idan nonuwanta sun kumbura, gashin da ke kewaye da su ya zube, tana shayarwa. Kada ka kama ta sai ka gano inda 'ya'yan suke, domin jarirai ba sa daɗewa babu uwa. Ko dai ka jira su kai mako 6 zuwa 8 su fara cin abinci da kansu, ko ka kwashe su tare da ita rana ɗaya.

Gargaɗi: ka sanar da mai unguwa da maƙwabta kafin ka kafa tarko. Mutumin da aka gani da dare yana farautar kyanwa da keji, musamman baƙa, kowa ya san zargin da za a yi masa. Ka je da rana ka yi sallama, ka ce, "Ranka ya daɗe, akwai mussar nan da ke kangon bayan masallaci, mun samo mata wuri, za mu kama ta a kwanakin nan." Magana ce ta minti biyu, amma tana kare mutuncinka.

2. Ka je ka ga gidan da idonka

Kada ka kama kyanwa kafin ka sami inda za ta. Kuma kada ka wadatu da waya. Kyanwar kango da wuya ta koma ta kan cinya, don haka wurin da ya fi dacewa da ita shi ne sito, ko gidan gona, ko babban gida mai rumbu, inda ɓeraye suka addabi mutane. Ka faɗa wa mai karɓa gaskiya: "Hajiya, wannan fa ba ta wasa da jikoki ba ce, wataƙila har abada ba za ta bari a taɓa ta ba." Gara ya ƙi tun yanzu da ya kira ka bayan kwana uku ya ce ka zo ka ɗauki abarka.

Abubuwan da nake tambaya: akwai karnuka? Akwai tantabaru ko 'yan tsaki a sake? Ana zuba shinkafar ɓera? Wannan ta ƙarshe ita ce babba, domin kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Idan ana zubawa, sai an daina an share kafin ka kawo ta. Wa zai riƙa ba ta abinci da ruwa kullum? Mutane da yawa suna zaton yunwa ce ke sa kyanwa kama ɓera. Mai ƙoshi ma tana farauta, kuma ita ce ke zama. Mai jin yunwa gaba take yi.

Sai ɗaki. Dole a sami ɗaki mai ƙofa da ke rufuwa sosai, tagarsa da raga, babu rami a silin ko ƙarƙashin ƙofa. Duk inda kanta ya shiga, jikinta zai bi. Ka kula da rufin kwano marar silin: a watan Afrilu irin wannan ɗaki tanda ne. A ajiye daro cike da yashi a kusurwa ɗaya don bayan gida, robar ruwa da ta abinci a ɗaya kusurwar, da kwali mai ƙofa inda za ta ɓuya. A gama wannan kafin ranar tafiya.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Keji shi ne gaba. Na ƙarfe nake so, mai raga ƙanana, tsawonsa kamar santimita 75 zuwa 80, faɗi da tsayi kamar 30. Kowane mai walda zai iya haɗa maka idan ka zana masa: ƙofa mai zamewa daga sama zuwa ƙasa, wadda za a ɗaga a tokare da ɗan ƙarfe, a ɗaura wa ƙarfen doguwar igiya. Ka ce ya goge duk wani tsini da ke ciki, ya kuma bar wurin saƙala kwaɗo ko waya a ƙofar. Amfanin irin wannan keji shi ne da shi za ka kama, da shi za ka je asibiti, da shi za ka yi tafiya, babu sauyin mazubi.

Kafin komai, ka ɗaure ƙaramin kofin roba a jikin ragar daga ciki da waya. Daga baya za ka riƙa tsiyaya ruwa a ciki daga waje da gora, ba sai ka buɗe ba. Ka shimfiɗa kwali a ƙasan kejin don kada raga ta ci mata dagi.

Sauran kaya: tsohon zane ko zanin gado mara kauri na lulluɓi, babbar leda da tsoffin jaridu na shimfiɗa a mota, safar hannu ta fata irin ta masu walda, tocila, sabulu da jarkar ruwa, da kifin gwangwani biyu ko uku.

Kuɗi kashi huɗu ne: keji, likita, mai, da abincin makonnin farko. Keji ne ya fi tsada amma sau ɗaya ake yin sa, mutum biyar ma za su iya haɗa kuɗi su riƙa aro. Mai kuwa lissafinsa a fili yake: ƙaramar mota tana shan kusan lita ɗaya a kilomita 10, Sakkwato zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa ka tanadi lita 30, ka ninka da farashin ranar. Ku yanke wanda zai biya me tun kafin a tashi. Aikin sa kai ne, lada ake nema, amma rashin yin wannan magana da wuri ya sha ɓata zumunci.

Gargaɗi: ba buhu, ba kwali, ba akurkin kaji na kara. Kyanwar farko da na taɓa ɗauka a kwali na sa ta, na ɗaure da igiya na hau kabu-kabu. Fitsarinta ya jiƙa ƙasan kwalin, ta farke shi ta faɗa titi tsakiyar motoci, ban sake ganin ta ba. Har yau abin yana ci mini rai. Buhu kuwa ya fi muni, domin zafi da rashin iska kan kashe ta kafin a isa.

4. Kamu

A nan ake bukatar haƙuri, sauri ya haifi nawa. Ka ajiye kejin inda ta saba cin abinci, ka ɗaure ƙofar a buɗe yadda ba za ta faɗo ba. Ranar farko abinci a bakin ƙofa, washegari ɗan ciki kaɗan, a haka har ya kai ƙurya. Kwana 3 zuwa 7 yakan isa. Lokaci ɗaya kullum, bayan magariba ya fi. Idan ta saba shiga har ƙurya, sai ka tsallake ciyarwa ta kwana ɗaya, ruwa kawai, ka roƙi maƙwabta su ma kada su ba ta komai.

Ranar kamu ka zuba kifin a can ƙurya, ka ɗiga ɗan mansa daga bakin ƙofa zuwa ciki, ka tokare ƙofar, ka ja igiyarka ka koma nesa ka zauna shiru. Kada ka ja sai jelarta ta shige gaba ɗaya. Idan ƙofa ta faɗo mata a baya ta kuɓuce, ka yi asarar makonni, domin kyanwa ba ta manta wurin da aka firgita ta.

Da ƙofa ta rufe za ta haukace, ta yi ta dukan raga da kai, har hancinta kan ɗan goge ya yi jini. A nan ne masu tausayi ke yin kuskure su buɗe. Kada ka buɗe. Ka lulluɓe kejin da zane nan take, cikin ɗan lokaci za ka ji shiru, duhu ne ke kwantar mata da hankali. Sannan ka ɗaure ƙofar da waya ko kwaɗo. Kada a bar keji a kafe babu mai tsaro, kuma a hana yara leƙe.

Gargaɗi: idan ta cije ka ko ta yaƙushe ka har fata ta fashe, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cif, ka tafi asibiti a ranar. Haƙoran kyanwa sirara ne, suna shiga da zurfi, ciwon kan kumbura ya yi ruwa cikin kwana ɗaya. Ga kuma cutar haukan kare, wadda kyanwa ma ke ɗauka, kuma idan alamunta suka bayyana a jikin mutum babu magani. Ka faɗa wa likita kyanwar kango ce don ya duba batun allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus. Ita kuma a tsare ta kwana 10 ana lura da ita, a ɗage tafiya. Kyanwar da ka gani tana dalala, tana tangaɗi, ko tana afka wa mutane haka kawai, kada ka kusance ta. Ka kira ma'aikatan lafiyar dabbobi.

5. Kwana ɗaya, sai likita

Ta kwana cikin kejin a lulluɓe, a ɗaki mai iska, an ɗora shi kan bulo biyu da jarida a ƙasa don fitsari ya sauka. Da safe ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin dabbobi na jiha da ke titin Aliyu Jodi. Ka je tun kafin ranar ka tambayi kuɗi da lokaci, ka kuma gaya musu ba ta taɓuwa, don su yi mata allurar barci ta cikin raga.

Tana barci sai a yi komai lokaci guda: allurar haukan kare, wadda ake yi daga wata 3 da haihuwa, maganin tsutsar ciki da na ƙuma, duba makero a fata tunda yana kama mutane, da aikin hana haihuwa idan da hali. Ni ina ba da shawarar a yi shi. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kawai, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya karɓi ɗaya zai wayi gari da goma. Muzurun da aka yi wa fiɗiya kuma yana rage yawo da faɗa, ya fi zama. Idan za a yi aikin, kada ta ci komai daga tsakar dare. Bayan aiki muzuru ya huta awa 24, mace awa 48, kafin doguwar tafiya.

Gargaɗi: kada ka ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Kada ka ba ta maganin barci na mutane don ta natsu a mota. Kada ka fesa mata fiya-fiya ko maganin kaska na karnuka da shanu. Da yawansu guba ne gare ta.

6. Lokaci da abin hawa

Zafin Sakkwato shi ne babban abokin gaba. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka nesa. Ka tashi bayan sallar asuba, ka isa kafin hantsi ya dubi ludayi. Tafiyar dare tana da sanyi, amma yanayin tsaron hanyoyinmu bai bar mu da wannan zaɓi ba. Ka tambayi direbobi halin da hanya ke ciki kafin ka fita. Lokacin hunturu kuma ka tare ɓangaren da iska ke bugowa, musamman idan an yi mata aiki, domin allurar barci tana sa jikinta saurin yin sanyi.

Motar gida ta fi. Ka shimfiɗa leda da jarida a kujerar baya, ka ɗora kejin, ka zagaya shi da bel don kada birki ya wurga shi. Cikin gari Keke Napep ma ya yi, idan ka ɗauki shata ka riƙe kejin a ƙasa tsakanin ƙafafunka. Babur a'a. Idan dole sai motar haya, ka biya kuɗin kujera biyu, ka yi magana da direba tun a tasha: "Malam direba, dabba ce mai rai, ba za ta shiga but ba, ba za a ɗaure ta a sama ba." Idan ya ƙi, ka jira wata motar. A but babu iska, ga zafi, ga hayaƙin salansa.

Abinci na ƙarshe ya zama awa 4 kafin tashi, don rage amai.

7. A kan hanya

Lulluɓin ya zauna, amma ka ɗage gefe ɗaya kaɗan don iska. Idan akwai esi ka kunna, idan babu ka sauke gilashi daidai misali. Ledar fiya wata mai ƙanƙara guda biyu, a naɗe da tsumma a jingina a jikin kejin daga waje, suna taimakawa sosai. A kashe rediyo, ba turare, ba taba. Za ta yi kuka ko gurnani, wata kuma tsit. Duk ba komai. Idan ta yi kashi ko fitsari, ka jure warin har ku isa.

Abin da za ka sa wa ido shi ne haki. Kare yana haki kullum, kyanwa ba ta yi sai abu ya ɓaci. Idan ka ga bakinta a buɗe, harshe waje, miyau na zuba, ka tsaya a inuwa, ka cire lulluɓin, ka yayyafa mata ruwa mai ɗan sanyi ta cikin raga, ka yi mata fifita. Ban da ruwan ƙanƙara. Idan ba ta dawo daidai cikin 'yan mintoci ba, ka nemi likitan dabbobi mafi kusa.

Kada ka bar ta a mota ka shiga sallah ko cin abinci, ko da minti biyar ne. Mutum ɗaya ya tsaya da ita a inuwa. A shingen jami'an tsaro za a tambaye ka me ke ciki. Ka ɗaga zanen su gani, ka nuna katin asibiti, ka yi bayani cikin ladabi cewa idan aka buɗe za ta yi cizo ta gudu.

Idan tafiyar karɓa-karɓa ce, misali kai ka kai Argungu wani ya ƙarasa Birnin Kebbi, keji ake miƙawa gaba ɗaya da lulluɓinsa da katinsa. Ba a juye kyanwa daga keji zuwa keji a bakin titi. Ka gaya wa mai karɓa lokacin da ta ci abinci na ƙarshe da abin da likita ya yi mata.

8. Saukewa

Kun isa, an yi gaisuwa, yara sun taru. A roƙe su su koma. Ka shiga ɗakin kai kaɗai da kejin, ka rufe ƙofa, ka sake duba taga da silin. Ka ajiye kejin a kusurwa, ƙofarsa na kallon bango, ka zuba ruwa da abinci, ka bar ta kamar rabin awa. Sannan ka sa safar hannu, ka kwance wayar, ka ɗaga ƙofar daga baya ka tokare, ka fita a hankali. Kada ka girgiza kejin don ta fito. Da dare za ta fito da kanta. Ka bar kejin da zanen a nan kwana biyu ko uku, warinta na jiki, shi kaɗai ta sani a wurin.

9. Makonnin kulle

Nan ne aka fi yin asara, bayan duk wahalar da aka sha. Kyanwa da wurin zama take sabo, ba da mutum ba. Idan aka sake ta ranar da ta zo, hanyar tsohon kangonta za ta nema, ta ɓace ko mota ta take ta. Sai ta yi mako 2 zuwa 4 a ɗakin nan. Ni uku nake cewa mafi ƙaranci.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, ba ka ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba?" Na ce, "Na ji, Baba. Waccan ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mu ciyarwar ce dalilin kullen." Ya gamsu, kuma shi ya riƙa kai mata abinci da kansa. To amma sharaɗin ke nan: ruwa mai tsabta kullum, abinci safe da yamma, mutum ɗaya, lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya, ko "mus-mus" ko ƙwanƙwasa kwano, har ta haɗa sautin da abinci.

Abincin: dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen nama ko kayan ciki, dafaffen ƙwai, ana iya cuɗawa da 'yar shinkafa. Ban da miya mai albasa ko tafarnuwa, suna lalata mata jini. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu. Kwanan farko wataƙila ba za ta ci ba. Idan ta wuce kwana biyu ba ta taɓa komai ba, a kira likita. A kwashe kashin da ke cikin yashi kullum, a wanke hannu, kuma mai juna biyu kada ta yi wannan aiki.

10. Buɗe ƙofa da wanke keji

Alamar ta shirya ita ce tana cin abinci sosai, tana fitowa daga maɓoya idan ta ji kiran. A zaɓi yamma mai shiru, kafin a ba ta abinci, a buɗe ƙofar a bar ta a buɗe, kowa ya kama gabansa. Tana iya ɓacewa kwana ɗaya ko biyu tana zagaya wurin. A ci gaba da ajiye abinci a inda aka saba, a lokacin da aka saba, ana yin kiran.

Kai kuma ka kira mai gidan a rana ta 2, da ta 7, da ranar buɗe ƙofa, da mako guda bayan nan. Idan ka karɓo kejinka, ka wanke shi da sabulu, ka bi da ruwan Hypo, murfi ɗaya a cikin murfi 32 na ruwa, ka bar shi minti 10, ka ɗauraye sosai ka shanya a rana. Ban da Dettol da Izal, suna cutar da kyanwa ko da lasa ta yi. Kwalin ƙasa da zanen lulluɓi a sake sababbi, domin wadda za a kama gaba ba za ta shiga kejin da ke warin tsoron wata ba.